Yadda Za Ka Zama Ɗan Yoga Ba Tare da Ka Taɓa Yatsun Ƙafarka Ba

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari cikin wata guda za ka shiga kowane ɗakin yoga a garin Duluth na Amurka da tabarma a hammata, a ɗaga maka kai kamar ɗan gida, alhali ko ɗaure takalmi sai ka nemi kujera. Ba sai jikinka ya yi laushi ba. Ba sai ka rage tumbi ba. Abu biyu kawai ake bukata: dalili mai ƙarfi da fuskar da ba ta jin kunya.

Ni ce mai zama a teburin ƙofa a gidan yogar Renata, ina rubuta sunayen masu zuwa, ina naɗe barguna. Ba na yawan magana, don haka mutane kan manta ina wurin, su faɗi abin da bai kamata in ji ba. Duk ilimin da ke ƙasa ta haka na tara shi. Mutum ɗaya ne ya gwada hanyar nan daga farko har ƙarshe, wato Gordy Halvorsen, wanda ya yi ritaya daga tuƙin motar kwashe ƙanƙara a titi. Da shi za mu riƙa ba da misali.

Mataki na ɗaya: Nemi dalilin da ya fi ciwon baya

Kada ka shigo harkar nan don neman lafiya. Masu zuwa don lafiya ba sa daɗewa.

Dalilin Gordy 'yarsa ce, Marit. Shi kaɗai ya raine ta tun tana 'yar firamare, bayan rasuwar mahaifiyarta. Ta je Minneapolis ta koyo koyar da yoga, Renata kuma ta yi mata alkawarin aji ɗaya na gwaji a ƙarshen wata. Sharaɗin Renata kowa ya san shi: in mutum shida sun zo, aji ya zama naki, in sun gaza shida, a rabu da fara'a. Kuma dangi ba sa cikin ƙirga, domin ta gaji da sababbin malamai masu cika ɗaki da inna da goggo ranar farko, mako na biyu a tarar da wuri wayam.

In ajin bai tsaya ba, Marit za ta wuce Arizona, inda wata ƙawarta ta samo mata aiki. Gordy ya ɗauko taswira ya duba Arizona. Bai ji daɗin abin da ya gani ba.

"Baba, don Allah kar ka zo," in ji Marit a waya. "Na san halinka."

"Ni? Me zai kai ni? Ni da na ƙi jinin zaman ƙasa."

Yana ajiye wayar ya kira amininsa Lyle, wanda suka yi aikin titi tare.

"Kai? Yoga?" in ji Lyle. "Tsoho, rabonka da ganin gwiwarka tun kafin a haifi yarinyar."

"Ba ganin gwiwa zan je ba. Ƙirga ni za a yi."

Dabarar ita ce: Renata ba ta taɓa ganin mahaifin Marit ba, Marit kuma ba za ta dawo gari ba sai ranar gwajin. In Gordy ya riƙa zuwa tun yanzu, kafin ranar ya zama tsohon ɗalibi, ba uban kowa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu: Tsofar da tabarma, sabunta suna

Sabuwar tabarmar yoga maƙiyiyarka ce. Tana warin roba, kuma kana shimfiɗa ta take naɗe kanta, tana sanar da kowa cewa jiya aka raba ta da leda. Gordy ya shimfiɗa tasa a gareji, ya bi ta kanta da mota, gaba da baya. Ta tsufa, sai dai shatin taya ya fito a tsakiya. Duk wanda ya tambaya, ka ce ado ne.

Sai suna. Zaɓi gajere, wanda ba za ka manta ba in jini ya taru maka a ka.

"Bob," ya ce mini ranar farko, yana kallon rufi.

"Gord... Bob!" in ji Lyle daga baya. "Ka manta ruwanka, Bob."

Na rubuta Bob. Lyle ba ya shiga aji. A bencin cire takalma yake zama da kofi, yana ba ni labarin da ban tambaya ba, ni kuma ina gyaɗa kai.

Gargaɗi ɗaya: ana cire hula a ƙofa. In kana da wata alama ta gado, yanzu za ta fito. Ta Gordy kunnuwa ce, manya, sun buɗe gefe da gefe kamar marikin tukunya.

Mataki na uku: Fara da ta sannu-sannu, amma kar ka raina ta

Ana kiranta hata. Kowa zai ce maka ta sababbin shiga ce, kuma wannan ƙarya ta daɗe tana cin mutane. Ta dace da mai haƙuri, da wanda likita ya turo, da tsofaffin matan da ke iya naɗe kansu kamar tawul suna hirar jikoki.

Gordy ya shimfiɗa tabarmarsa kusa da wata 'yar tsohuwa mai farin gashi, Ardis, a zatonsa nan ne sauƙi yake. Da aka ce a sunkuya, Ardis ta kife tafukanta a ƙasa, ta leƙo shi ta tsakanin ƙafafunta. Shi kuwa hannayensa na reto a daidai gwiwa, sun ƙi gaba.

"Sabo ne kai, ɗan saurayi?"

"A'a, na daɗe. Yau dai ina sauraron jikina ne."

Daga bakin malamar ya tsinci maganar, kuma ita ce mabuɗin harkar gaba ɗaya. Haddace ta. A ɗakin yoga ba wanda ya isa ya yi musu da mai sauraron jikinsa.

"To," in ji Ardis, "da alama jikin naka surutu gare shi."

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba su faɗi yadda za a yi da katako ba.

Mataki na huɗu: A mai gudu, nemi mafaka

Wannan ita ce binyasa, wadda ake zubowa daga wannan tsayuwa zuwa waccan ba hutu, kamar ruwa a gangare. Ta dace da masu agogon ƙirga bugun zuciya, waɗanda ke shigowa da gudu su fita da gudu, su kira hakan hutawa.

A nan za ka kasance baya da taki ɗaya, kullum. In aji ya miƙe, Gordy na kan hanyar sauka. In aji ya sauka, shi kuma ya iso sama shi kaɗai, yana kallon ƙeyar mutane. Shi da su kamar guga biyu a rijiya ɗaya.

Mafakarka ita ce durƙuson jariri: gwiwa a ƙasa, goshi a tabarma, hannu a miƙe. An yarda kowa ya shige ta duk sa'ad da ya ga dama. Gordy ya shige ta tun da wuri, ya ƙi fitowa, har malamin ya zo ya duba ko yana numfashi. Abin da ba a gaya maka shi ne shiga ta fi fita sauƙi. Sai da aka watse Lyle ya shiga da safa ya ɗago shi ta hammata.

"Na taɓa janyo motar da ta fi ka sauƙi daga rami, Bob."

"Rufe min baki, ka ja."

Mataki na biyar: Ta zafi, a bar wa masu zunubi

Ɗaki ne da ake hura masa zafi har madubi ya yi gumi. Ta dace da wanda ya yi imani zufa na wanke laifi, da kuma marowacin da ya ƙi kunna na'urar ɗumi a gidansa a watan Janairu.

Ka tuɓe kayan sanyi kafin ka shiga. Na faɗa ne domin Gordy, kamar kowane namijin kirki a Duluth, ba ya rabuwa da dogon wandon ulu na ciki daga faɗuwar ganye har narkewar ƙanƙara, kuma bai ga dalilin da zai sa ya saɓa wa al'ada ba. Dokar ɗakin kuwa ba a fita sai an gama.

Da aka buɗe ƙofa ya wuce ni, ja wur, babu takalmi, ya fita waje ya tsaya cikin ƙanƙara. Tururi na tashi daga jikinsa kamar an buɗe tukunya.

Lyle ya leƙa ta ƙofa. "Bob, hayaƙi kake yi. In kira 'yan kwana-kwana, ko ka dahu a sauke?"

Mataki na shida: A ta asuba, kar ka motsa

Ashtanga ke nan, irin wadda Renata da kanta ke kula da ita. Ba mai cewa a yi kaza. Kowa ya haddace jerin nasa, ya shigo, ya fara, ya gama, ya tafi. Ta dace da waɗanda ba sa son a gaya musu abin yi, amma suna son yin abu ɗaya kullum har mutuwa.

Ba wanda ya yi wa Gordy wannan bayani. Ya ga kowa na tsayawa a bakin tabarma, hannu haɗe a ƙirji, ido rufe, shi ma ya yi haka, yana jiran a ce a fara. Ba a ce ba. Ya ci gaba da jira. Mutumin da ya saba zama cikin mota yana jiran hadari ya lafa ba ya gajiya da jira.

Da aka tashi, wani matashi mai ɗaurin gashi ya same shi wurin takalma.

"Ban taɓa ganin natsuwa irin taka ba. A ina ka koya?"

"A titi," in ji Gordy.

Matashin ya gyaɗa kai kamar an ba shi sirri. Darasi: in ba ka san abin yi ba, yi shiru da ƙarfi. Renata dai ta daɗe tana kallon Gordy ran nan, kuma ba hannayensa take kallo ba.

Mataki na bakwai: San aikin ɗan katin nan

A bakin kowane ɗaki akwai kwando cike da 'yan katuna masu zagaye, gefe ɗaya kore, ɗaya ja. Kowa na ɗaukar ɗaya ya ajiye a gaban tabarmarsa. Gordy ya ɗauka na ɗora kofi ne, ya yaba da tsaftar gidan, kullum yana ɗora gorar ruwansa a kai. Kuma kore ya fi so.

"Ban san me na yi musu ba," na ji yana gaya wa Lyle. "Kowane malami sai ya tsallake mutum goma ya zo ya danna ni. Jiya wata ta murɗa mini ƙugu kamar tana buɗe kwalba."

Na kwana biyu ina shirya maganar a raina. Da ya zo wucewa na ce, "Ba na kofi ba ne."

Ya waiga yana neman mai magana.

"Ja, kar a taɓa ni. Kore, a taɓa."

Ya kalli katin, ya kalle ni. "Wato duk kwanakin nan ni ke gayyatarsu?"

Lyle ya yi dariya har kofi ya fito masa ta hanci. Daga ranar Gordy ya koma ja, kuma yakan danna katin da yatsa don kar iska ta juya shi.

Mataki na takwas: In an ce akuya, je ka

Wasu ranakun Asabar Renata kan kwashi ɗalibai zuwa rumfar dabbobin wata gona a bayan gari, a yi yoga ana sakin 'yan awaki suna hawan mutane. Ta dace da mai son hoto, da wanda ya gaji da a ɗauke shi da muhimmanci.

A nan ne kaɗai Gordy ya zo na ɗaya. Aikin duka shi ne ka durƙusa ka zama tebur, shi kuwa bayansa faɗi gare shi. Awaki suka bar 'yan mata masu sassauƙan jiki suka yi layi a kansa. Ɗaya ta kwanta tana tuƙa, ɗaya ta cinye gefen tabarmarsa.

"Ka ga, ɗan saurayi," in ji Ardis, "kowa da ranarsa."

Kada ka bar irin wannan dama ta wuce. Da akuya a wuya Gordy ya shiga gaya wa Ardis cewa ya ji labarin wata sabuwar malama da za ta yi aji ƙarshen wata, wai ba a taɓa ganin irinta ba.

"Ka san ta ne?"

"Ni? Ina! Ji na yi a gari."

Mataki na tara: Ranar gwaji, kwanta ka mutu

Ajin Marit irin wanda ake kira "yin yoga" ne. Ana rage fitila, a tara matasan kai da barguna, a daɗe a kowane zama har jiki ya daina gardama. Ya dace da wanda gajiyarsa ba a ƙafa take ba.

Ran nan ƙanƙara ta wuni tana zuba, irin wadda ke hana mutane fita. Ardis ta zo da ƙawayenta biyu. Matashi mai ɗaurin gashi ya zo, don ya ji Bob zai zo. Wata nas ta shigo da kayan aiki a jikinta. Biyar. Marit na tsaye a bakin ɗaki tana kallon ƙofar waje, ta tura gashinta bayan manyan kunnuwanta, sai ƙofar ta buɗe.

"Ba..." Marit ta fara.

"Bob," in ji Gordy, ya miƙa mata hannu. "An ce ke ce sabuwar malama."

Renata na tsaye taku biyu daga wurin. Marit ta karɓi hannun, ta matse shi, tana murmushi.

"Sai na kashe ka, Bob," ta ce ta tsakanin haƙora.

"To, amma bari a tashi tukuna."

Renata ta zauna a baya kan matashin kai. Ni kuma na tsaya a bakin ƙofa da barguna. Da farko muryar Marit na rawa, kuma ta ƙi ko kallon gefen da yake. Gordy ya ajiye katinsa, ja. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya sa yatsa ya juya shi.

Kowane ajin yoga da kwanciyar gawa yake ƙarewa: rigingine, ido rufe, ba motsi. Shirin Gordy mai sauƙi ne, ya kwanta, ya yi kamar ya tafi wata duniya, kar ya yi minshari. Lyle ya sa shi ya rantse kan minsharin.

Marit ta rage fitila. Muryarta ta zauna.

"Ku saki goshi," ta ce. "Ku saki haƙora, ba wanda za ku ciza. Ku sauke kafaɗu, an tashi daga aiki. Ƙanƙara na zuba a waje, ba ruwanku. Akwai mai kwashewa."

Ba a Minneapolis ta koyo wannan ba. Shekarar da mahaifiyarta ta rasu Marit ba ta iya barci, shi kuma aikinsa sai an fara zuba ake kiransa. Yakan zauna a bakin gadonta da takalman aiki a ƙafa, ya faɗi waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, har numfashinta ya daidaita, sannan ya bar ta da maƙwabciya ya fita titi. Shi ya daɗe da mantawa. A zatonsa ita ma ta manta.

Bai yi minshari ba. Hawaye suka gangaro gefe da gefe, kuma wanda ke kwance rigingine da irin waɗannan kunnuwa, hawayensa ba sa kai wa ƙasa.

Marit na zagayawa tana danna kafaɗun masu koren kati. Ta iso kansa, ta ga katin, ta tsaya. Sannan ta durƙusa ta ɗora tafukanta a kafaɗunsa, ta danna a hankali.

"Baba," ta raɗa, "kunnenka ya cika."

Mataki na goma: In asiri ya tonu, tsaya a ƙirga ka

Bayan an watse Renata ta jingina da teburina. "Nawa aka rubuta?"

"Shida," na ce. Ban san ina da murya haka ba.

Marit ta fito da tabarma a hannu. "Biyar ne, Renata. Wancan..."

"Mahaifinki ne. Tun ranar da ya cire hula na sani. Kunnuwanku iri ɗaya, kuma ba a sayar da su a kanti."

Gordy ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Lyle ya ajiye kofinsa.

"Dangi," in ji Renata, "su ne masu zuwa sau ɗaya, su tafa, su tafi. Mutumin da ya dahu a ɗakina na zafi cikin wandon ulu, akuya ta kwanta a bayansa, ya janyo mini Ardis da 'yan rakiyarta cikin wannan ƙanƙara, wannan ɗalibi ne. Shida. Ajin naki ne." Ta juya wajensa. "Amma ran da ya daina zuwa, kin koma biyar."

"Kowane mako?" in ji Gordy.

"Kowane mako, Bob."

Lyle ya zame daga benci don dariya. Marit ta durƙusa ta ɗaure wa mahaifinta ɗaya takalmin, don kowa ya ga ba zai kai ba.

Wanke hannu

Mai wannan jagora ba ta da alhakin gocewar ƙugu, ko dahuwa, ko cinyewar tabarma, ko duk abin da akuya ta ga damar bari a bayanka. Ba ta ce ka yi ƙarya ba. Abin da aka faɗa mata kawai ta rubuta. In ka yi kuka a ƙasa gaban mutane, tsakaninka ne da kunnuwanka.

Aibi ɗaya hanyar nan take da shi, kuma ba a samo maganinsa ba: wanda ya daɗe yana kwaikwayon ɗan yoga, wata rana zai farka ya ga ya zama. Gordy har yau bai taɓa yatsun ƙafarsa ba, amma ya wuce gwiwa, yana ƙwauri. Taswirar Arizona kuwa Lyle ya ce an mayar da ita abin ɗora kofi. In ka zo ka tarar da wani dattijo a layin gaba, tabarma da shatin taya, kati kore, kar ka tambaye ni ko wane ne. A wurina sunansa Bob.